Zaɓen Girman Filta Mai Rabin Duhu Don Idon Kyamara Mai Faɗin Gani

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton fili da sassafe ko da yamma ya san wata matsala guda. Mutum yana ganin gajimare da launinsa, yana kuma ganin ciyawa da duwatsu a ƙasa, amma idan hoto ya fito sai a tarar ɗaya daga cikin biyun ya lalace. Ko dai sama ta yi fari fat, ko kuwa ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Dalili shi ne, sama ta fi ƙasa haske nesa ba kusa ba, kuma kyamara ba ta iya haɗa hasken biyu a lokaci ɗaya kamar yadda idon ɗan Adam yake yi.

Matsalar tsohuwa ce. Tun a shekarar 1857 wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto, Gustave Le Gray, yakan ɗauki teku daban, ya ɗauki sama daban, sannan ya haɗa su a kan takarda ɗaya. Daga baya aka samu hanya mai sauƙi, wato filta mai rabin duhu. Wannan wani ɗan allo ne na gilashi ko na roba mai tauri, wanda samansa yake da duhu, ƙasansa garau, duhun kuma yana raguwa sannu a hankali daga sama zuwa tsakiya. Ana sa shi a gaban idon kyamara domin ya rage hasken sama, ya bar na ƙasa yadda yake.

Sai dai wannan filta ba girma ɗaya yake da shi ba. Akwai mai faɗin milimita 67, da 84, da 100, da 150, har da 180, kuma kowane girma yana da nasa mariƙi da nasa zobba, ba sa shiga na juna. Wanda ya sayi girman da bai dace ba, to sai ya sake sayen kayan gaba ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake zaɓen girman, musamman ga mai kyamara mai cikakken faranti da ido mai faɗin gani, domin a nan ne aka fi yin asarar kuɗi.

Milimita Iri Uku

Abin da ya fi rikita sabon shiga shi ne, abubuwa uku daban-daban duk da milimita ake faɗarsu.

Na farko ita ce lambar gani. Ita ce wadda ake kiran ido da ita, kamar a ce ido mai 50, ko mai 24, ko mai 16 zuwa 35. Idan lambar ta yi ƙasa, ido yana kwaso fili mai faɗi. Idan ta yi sama, yana jawo abin da yake nesa, amma filin da yake gani ya tsuke.

Na biyu shi ne faɗin bakin ido, wato da'irar da take gaba inda ake murɗa zobe. Ana rubuta shi a jikin ido ko a cikin murfinsa, kusa da wata alama mai kama da sifiri da aka ja wa layi. A idanu masu faɗin gani an fi samun 72, da 77, da 82.

Na uku shi ne faɗin shi kansa filtan. Mutane da yawa sukan kwatanta na biyu da na uku kawai. Sai mutum ya ce, tun da bakin idona 77 ne, filta mai faɗin 84 ya rufe shi har da saura. A lissafi haka ne, amma a aikace wannan bai isa ba, domin ta farko, wato lambar gani, ita ce take yanke hukunci.

Mene Ne Cikakken Faranti?

A cikin kyamarar zamani akwai wani faranti da haske yake sauka a kansa, shi ne ya maye gurbin fim. Ana cewa faranti cikakke ne idan girmansa ya kai milimita 36 a kwance da 24 a tsaye. Wannan ma'auni an gaje shi ne daga fim ɗin da kyamarar Leica ta Jamus ta yaɗa tun daga 1925. Kamfanin Canon ya fitar da EOS 5D a 2005, wadda ta kawo irin wannan faranti kusa da aljihun masu sha'awa, Nikon ya biyo da D3 a 2007, sannan Sony ya fitar da A7 a 2013.

Akwai kuma ƙananan faranti, irin wanda ake kira APS-C, mai kimanin milimita 24 da 16. Shi tsakiyar hoton kawai yake karɓa, ya bar gefe. Saboda haka ido mai 16 idan aka ɗaura shi a kan ƙaramin faranti, filin da zai nuna bai wuce na ido mai 24 a kan cikakken faranti ba. Wannan ne ya sa mutum zai daɗe yana aiki da mariƙinsa lafiya, ranar da ya koma cikakken faranti da wannan idon dai, sai ya ga baƙin abu ya leƙo a gefen hoto. Mariƙin yana nan tun da can, ƙaramin faranti ne yake yanke shi.

A kan cikakken faranti, ga faɗin da kowane ido yake gani daga hagu zuwa dama: mai 50 yana ganin kimanin digiri 40, mai 24 digiri 74, mai 16 digiri 97, mai 14 kuma digiri 104. Idan aka auna daga kusurwa zuwa kusurwa, mai 16 ya kai digiri 107, mai 14 kuma 114.

Dalilin Duhun Kusurwa

Filta mai rabin duhu ba ya tsayawa da kansa. Da farko ana murɗa zobe a bakin ido, a ɗaura mariƙi a kan zoben, sannan a zura filta a ɗaya daga cikin guraben mariƙin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara tudu a gaban ido. Mai karatu ya kwatanta wannan da mutumin da yake leƙen waje ta taga. Idan ya manna fuskarsa da tagar zai ga fili sosai, amma idan ya ja da baya taku biyu, katakon tagar zai tare masa gefe da gefe. Haka idon kyamara yake da mariƙi.

Ana iya lissafa abin. A ce an ƙara gurbi ɗaya a mariƙi, gefensa ya matsa gaba da milimita 5. Ga ido mai 50, ƙarin faɗin da ake buƙata don kada gefen ya shigo hoto bai kai milimita 4 ba. Ga mai 24 ya zama 7 da rabi. Ga mai 16 ya haura 11, ga mai 14 kuma ya kusa 13. Wato tudun da ido mai 50 ba zai ma lura da shi ba, shi ne zai ɓata hoton mai 16. Idan gefen mariƙi ya shigo, sai a ga baƙin layi a hagu da dama, ko duhu a kusurwoyi huɗu na hoto. Maganinsa kawai a yanke gefen hoton, wanda kuma ya yi haka ya zubar da faɗin da ya biya kuɗi mai yawa dominsa.

Girman Da Ake Samu

Tsarin mariƙi da filta mai kusurwa huɗu ya yaɗu ne ta hannun kamfanin Cokin na Faransa, wanda mai ɗaukar hoto Jean Coquin ya assasa, ya kuma fitar da tsarin a 1978. Kamfanin ya yi girma huɗu: A mai faɗin milimita 67, da P mai 84, da Z-Pro mai 100, da X-Pro mai 130. Sauran kamfanoni, irin su Lee na Ingila da NiSi da Haida na ƙasar Sin, sun zo da nasu. Za mu ɗauke su rukuni-rukuni.

Rukunin 67 zuwa 75. Waɗannan an yi su ne don ƙananan kyamarori da idanu masu ɗan ƙaramin baki. Mai ido mai faɗin gani a kan cikakken faranti ba shi da abin yi da su, domin ko bakin ido mai 77 ba za su rufe ba.

Rukunin 84 zuwa 85. Wannan shi ne mai jan hankalin ɗalibi, saboda ya fi araha, ga shi marar nauyi, kuma zobbansa sun kai har 82. Shahararren mai ɗaukar hoton duwatsu na Amurka, Galen Rowell, wanda ya rasu a 2002, ya yi aiki da kamfanin Singh-Ray wajen ƙera filta mai wannan faɗi da tsawon milimita 120, saboda ya dace da mai hawan dutse. Amma mariƙin P na asali mai gurabe uku, daga ido mai 28 zuwa sama Cokin ya ba da shawarar amfani da shi. Don haka ne ma kamfanin ya ƙera wani siririn mariƙi mai gurbi ɗaya saboda masu faɗin gani. Wanda idonsa ya tsaya a 28 ko 35, wannan rukuni ya ishe shi. A 24 sai da siririn mariƙi da kuma gwaji. Wanda yake da 16 ko 17 kuwa, ya tuna cewa araha ba ta ado.

Rukunin 100. Filtansa mai rabin duhu yawanci faɗin 100 ne da tsawon 150. Shi ne ya dace da idanun da aka fi amfani da su wajen hoton fili, irin su Canon 17-40 na 2003 mai baki 77, da Canon 16-35 na 2007 mai baki 82, da Nikon 16-35 na 2010 mai baki 77, da Sony 16-35 na 2017 mai baki 82. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, a yi amfani da zobe na musamman na masu faɗin gani, wanda aka lanƙwasa baya domin mariƙi ya zauna kusa da gilashin ido. Na biyu, kada gurabe su wuce biyu. Wani amfanin wannan rukuni shi ne, kamfanoni da yawa suna yin sa, kuma akasarinsu kaurin milimita 2 ne, saboda haka filtan wannan kamfani yakan shiga mariƙin wancan.

Rukunin 150. Akwai idanun da gilashinsu na gaba ya tulo waje kamar ƙwarya da aka kifa, kuma an haɗa su da rumfa wadda ba a cirewa. Irin waɗannan ba su da wurin murɗa zobe sam. Sanannen misali shi ne Nikon 14-24 na 2007, wanda saboda shi Lee ya ƙera tsarin SW150. Mariƙin yana kama jikin ido ne daga waje, filtan kuma faɗin 150 ne da tsawon 170. A lura cewa kowane irin ido yana da nasa maɗauri, ba a aron na wani.

Rukunin 180. Lokacin da Canon ya fitar da ido mai 11 zuwa 24 a 2015, wanda yake ganin kusan digiri 117 daga hagu zuwa dama, sai wasu kamfanoni, ciki har da NiSi, suka ƙera tsari mai faɗin 180 dominsa.

Ya kamata a san cewa sabbin kyamarori marasa madubi a ciki sun sassauta lamarin. Nikon Z 14-30 na 2019 yana da baki 82 na murɗawa, Canon RF 14-35 na 2021 kuma yana da 77. Ma'ana, ana iya kaiwa 14 da tsarin 100, matuƙar mariƙin siriri ne. Saboda haka wanda bai riga ya sayi ido ba, ya dubi gabansa tukuna, domin siffar gaban ido ita take jawo masa tsarin 100 ko na 150.

Tsawo Ma Abin Dubawa Ne

Faɗi yana hana duhun gefe, tsawo kuma shi yake ba da damar zura filta sama ko ƙasa har iyakar duhunsa ta zauna daidai inda sama ta haɗu da ƙasa. Mai ɗaukar hoto ba kullum yake sa wannan mahaɗa a tsakiya ba. Wani lokaci sama takan cinye kashi biyu cikin uku na hoto, wani lokaci kuma ɗan siriri ake bar mata. Idan filta gajere ne, da an ja shi sama sosai sai bakinsa na ƙasa ya shigo hoto a matsayin layi.

Abin ya fi tsanani idan aka tsayar da kyamara a tsaye. A wannan hali ana juya mariƙi domin duhu ya ci gaba da zama a sama, sai ya zama tsawon filta ne zai rufe dogon gefen hoto, wato digiri 97 ɗin nan na ido mai 16. A nan ne ake gane darajar milimita 150.

Wannan kuma shi ne aibin filta mai da'ira wanda ake murɗawa kai tsaye a bakin ido. Iyakar duhunsa tana tsakiya, ba ta motsi, sai dai mutum ya tilasta wa hotonsa bin filta.

Kaifin Iyaka Da Girman Filta

Filta mai rabin duhu iri-iri ne ta fuskar yadda duhu yake ƙarewa. Akwai mai kaifin iyaka, wanda duhunsa yake yankewa cikin ɗan taƙi. Akwai mai laushin iyaka, wanda duhunsa yake bajewa a hankali. Akwai kuma na juye, wanda ya fi duhu a tsakiya, ya ragu zuwa sama, domin lokacin fitowar rana ko faɗuwarta. Mai kaifi ya dace da inda mahaɗar sama da ƙasa take miƙe sambal, kamar bakin teku a Legas. Mai laushi ya dace da inda abubuwa suka kutsa cikin sama, kamar duwatsun Idanre a jihar Ondo, domin mai kaifi zai baƙanta kan dutse ya bar gindinsa da haske.

Wannan yana da alaƙa da ido da kuma girman filta. Idan aka tsuke ƙofar haske zuwa f/11, faɗin ƙofar a ido mai 16 bai kai milimita ɗaya da rabi ba, alhali a ido mai 200 ya kai kimanin 18. Saboda haka ido mai faɗin gani yana nuna iyakar duhu tsaf, mai jawo nesa kuma yana dama ta. Shi ya sa aka fi ba mai faɗin gani shawarar ya fara da mai laushi, mai jawo nesa kuma ya nemi mai kaifi.

Haka nan, yawanci iya girman filta iya tsawon wurin da duhunsa yake bajewa. Idan aka ɗauki mai laushi na tsarin 150 aka sa a gaban ɗan ƙaramin ido, idon zai leƙa ne ta wani ɗan yanki na tsakiya kawai, cikakken duhun bai ma shigo hoto ba. Ga kuma nauyi da tsada: filta mai 100 da 150 yana da faɗin fili na murabba'in milimita 15,000, mai 150 da 170 kuma 25,500, wato ƙarin kashi 70 cikin ɗari. Babban allo kuma ya fi kama iska, ya fi girgiza kyamara. Ke nan sayen mafi girma ba tare da buƙata ba shi ma asara ce.

Ƙarfin Duhu

Bayan girma sai ƙarfi. Ana auna haske da mataki, kowane mataki ɗaya yana nufin ninki biyu ko rabi. Filta mai lamba 0.3 yana rage mataki ɗaya, wato rabin haske ne yake wucewa. Mai 0.6 yana rage mataki biyu, ya bar kashi ɗaya cikin huɗu. Mai 0.9 yana rage uku, ya bar ɗaya cikin takwas. Wasu kamfanoni suna rubuta su da ND2, da ND4, da ND8.

Don gane wanda ake buƙata, a auna ƙasa ita kaɗai, sannan a auna sama ita kaɗai. Misali, a f/11 ƙasa ta nemi 1/30 na daƙiƙa, sama kuma ta nemi 1/250. Tazarar mataki uku ke nan. A nan mai 0.6 ya fi dacewa, domin a bar sama ta fi ƙasa haske da mataki ɗaya kamar yadda aka saba gani. Idan aka daidaita su sarai, hoton zai yi kama da na ƙarya. Wanda kuɗinsa bai wuce na filta biyu ba, mai laushi 0.9 da mai kaifi 0.6 za su yi masa aiki mai yawa.

Gwaji Kafin Biyan Kuɗi

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Siffar idanu ta bambanta, don haka duk abin da aka faɗa a sama jagora ne, gwaji shi ne hujja. Ga yadda ake yi:

1. A cire duk wani filta na kariya da yake bakin ido, domin shi ma tudu ne.
2. A ɗaura zobe da mariƙi da duk guraben da za a riƙa amfani da su. Idan akwai filta mai kashe ƙyalli, a sa shi.
3. A mayar da ido kan lambarsa mafi ƙanƙanta, a saita shi kan nesa, a tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, inda gefen mariƙi ya fi fitowa fili.
4. A ɗauki hoton sama ko farin bango, mariƙi yana miƙe. A karkata mariƙin kamar za a bi gangaren tudu, a sake ɗauka.
5. A buɗe hoton a faɗaɗa kusurwoyinsa huɗu. Kada a dogara da tagar leƙe kaɗai, domin wasu ba sa nuna dukkan hoto. Ta EOS 5D ta farko kashi 96 cikin ɗari take nunawa, kuma a ragowar ne duhun yake ɓuya.

Kwamfuta Fa?

Mai karatu zai iya tambaya, shin ana buƙatar wannan wahala alhali akwai kwamfuta? Gaskiya ne manhajar Lightroom ta samu irin wannan filta tun a 2008, kuma farantin kyamarorin yanzu yana ɗaukar tazarar haske fiye da na da. Ana kuma iya ɗaukar hoto biyu ko uku a haɗa su, kamar dai dabarar Le Gray. Amma kwamfuta ba ta dawo da gajimaren da ya riga ya ƙone ya zama fari, kuma haɗa hotuna yana wuya idan igiyar ruwa ko ganye suna motsi. Mai ɗaukar bidiyo da mai aiki da fim su ma ba su da wannan zaɓi cikin sauƙi. Wanda ba ya cikin waɗannan, yana iya fara aiki da abin da yake hannunsa, ya jinkirta sayayya har buƙata ta bayyana.

Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa faɗin bakin ido zobe kawai yake zaɓa, girman filta kuwa faɗin gani da tudun mariƙi ne suke zaɓensa. Don haka a fara da ido mafi faɗin gani da ake da shi, ko wanda ake shirin saya. Idan ya tsaya a 28, tsarin 84 ko 85 ya wadatar. Idan yana tsakanin 16 da 24 kuma yana da bakin murɗawa, tsarin 100 ne, tare da zobe mai lanƙwasa da gurabe biyu. Idan gabansa ya tulo, sai 150 ko fiye. Sauran idanun da mutum yake da su ba sa buƙatar sabon mariƙi, kowanne zobe ɗaya za a saya masa, wanda shi ne mafi araha a cikin kayan duka.